Cin Wuyan Rigar 'Yar Tsana

Yamai, watan Azumin Tsofaffi, 1955

Zuwa ga Almu ɗan Kawu Malam Maman, maɗinkin riguna a Matameye.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarmu Rabi'atu. Yaya Kawu da idon nasa? Ka durƙusa ka gaishe mini da shi, ka ce ɗan ƙanwarsa yana neman addu'a. Ni nan lafiya lau. Har yanzu ni ne kukun gidan Nasaran nan, kuma har yanzu na fi ka ƙiba.

To maigidana, tunda kun ce mu 'ya'yan mace bayinku ne, yau bawa ya samo maka aiki. Shekara mai mota zai ba ka akwatin katako tare da wannan takarda. Kada ka buɗe shi a zaure. Na sake faɗa, kada ka buɗe shi a zaure, don na san ka da rawar jiki.

'Yar tsana ce a ciki. Ba irin ta kara da yaranmu ke goyo ba. Kanta na tangaran ne, tsawonta kamu guda, kamar jinjiri. Madam, matar mai gidan da nake wa aiki, tara su take yi. Wallahi Almu, ɗaki guda ta ware musu, kowace da tufafin ƙasarsu, ga ta Larabawa da alkyabba, ga ta Buzaye, ga waɗansu da ban san inda suka fito ba. Ba wasa take yi da su ba, ba kuma bauta musu take yi ba, na sa ido na gani. Kallo ne kawai da kakkaɓe ƙura, in baƙi sun zo a nuna musu.

Ran Juma'a ta gan ni cikin rigar nan da ka yi mini, ta tsayar da ni a bakin ƙofa tana shafa aikin har na kusa rasa salla. Ta ce irinta take so sak, amma ƙarama: riga mai aska biyu, da wando, da hula. Na ce mata duk ƙasar Damagaram babu mai hannun ɗan kawuna. Na riga na cika baki, kada ka ba ni kunya. Bayan ƙaramar salla za su koma Faransa, kuma ba za su dawo ba.

Na san ra'ayin Kawu a kan duk abin da aka yi wa ido da baki. Ba sai ya ji ba.

Bawanka mai ƙiba,
Illa

Matameye, ƙarshen watan Azumin Tsofaffi

Zuwa ga Illa, bawan gidanmu.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Baba ya amsa gaisuwarka, ya sa maka albarka. Idon dai yana nan yadda ka san shi, ba ya raba dare da rana, sai kuma gwiwa da ta hana shi zuwa masallaci.

A zaure na buɗe akwatin. Kada ka ce komai. Takardarka tana aljihuna ban karanta ba tukuna, Baba yana zaune a kan buzunsa. Ina ɗaga abar sai ta buɗe ido! Ka gaya mini tangaran, ka gaya mini kamu guda, amma ba ka gaya mini tana buɗe ido ba, ɗan banza. Na yi a'uzu da ƙarfi. Baba ya ce me na gani, na ce kunama ce a cikin kaya. Ka ji ƙaryar farko da ka sa na yi wa mahaifina.

Rabi'atu ta yi dariya har da hawaye, ta karɓe ta ta ɓoye a adudunta. Amma na lura da yadda ta ɗauke ta, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai. Na kawar da idona. Ka san shekarun da muka yi babu ko ɓari.

Niyyata in mayar maka da tsiyarka. Ɗan Malam Maman, a ce yana yi wa mutum-mutumi sutura! Amma tun da kekunan ɗinki suka shigo kasuwa daga Kano, samari sun daina leƙo zaurenmu, hannuna sai ƙaiƙayi yake yi. Na ce bari in gwada zana askar kawai a ƙyalle, in gani. Shi ke nan na faɗa ciki.

Kai Illa, aikin nan ya fi na babbar riga wuya. Na fiƙe alƙalami har ya kusa zama ƙaya kafin in iya zana layin. Zaren tsamiya sai na tsaga shi, in sake tsaga abin da na tsaga. Tambarin da ke ƙirji bai wuce farcen babban yatsa ba, kuma na warware shi ya fi a ƙirga. A ɗakin Rabi'atu nake yi, a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, ina jin motsi in tura shi ƙarƙashin cinya kamar ɓarawo. Maƙwabta har sun fara tsokanata wai na zama mijin-ta-ce, ba na fita daga ɗakin mata.

Ka gaya wa Madam ɗinka za ta samu. Kuma kada ka ƙara samo mini aiki har abada.

Almu

Matameye, tsakiyar watan Sha'aban

Illa,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya. Ban jira amsarka ba, don abin ya fi ƙarfin cikina. Cha'ibu mai fatauci zai bi ta Yamai, shi na ba wannan.

Na gama jikin rigar, saura cin wuya. Ran Talata hasken ɗaki bai ishe ni ba, sai na fito da ita zaure lokacin da Baba ke barcin rana. Aka kira la'asar, na cusa ta a kwandon ɗinki na tafi masallaci. Ashe ya farka yana laluben goronsa.

Na dawo na same ta shimfiɗe a kan gwiwarsa, yana auna ta da yatsu, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ga 'yar hular a ɗaya hannun. Fuskarsa kuwa, Illa, rabona da ganinta haka tun Inna tana da rai.

Ya ce, "Almu, ashe shi ya sa ka ƙaurace wa zaure."

Na ce na'am.

Ya ce, "Kun kyauta da kuka ɓoye. Ba a nuna irin wannan tun da wuri. Allah ya raba lafiya."

A nan ya kamata in buɗe baki. Amma abu biyu zan gaya masa a numfashi ɗaya: ɗansa yana tufatar da 'yar tsanar Nasara, kuma jikan da yake roƙo a kowace salla ba ya hanya. Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Bai ƙara tambayata ba, ka san ba zai yi ba, ita kuwa Rabi'atu ko hira ba sa yi balle magana irin wannan. Amma da kasuwa ta ci sai ya aiki maƙwabcinmu Ɗan'azumi ya sayo rago daga mutanen Dungu, wai a fara kiwonsa. Rago a tsakar gidanmu ba lokacin layya ba, ai shela ce. Kafin kwana biyu duk unguwa ta sani. Mata suna ta shigowa, wannan da kunun kanwa, waccan da tsamiya, kowace ta gaishe ta idonta a kan cikinta. Ta daina zuwa rijiya. Jiya ta ce mini, "Kai ka ɗinka rigar, amma ni aka sa wa ita."

Saura mafi muni. Ka san al'adar gidanmu, rigar farko ta jinjiri kaka ne ke cin wuyanta. Kakanmu ya yi mini, kai ma ya yi maka, duk da kai ɗan mace ne. Baba bai riƙe allura ba tun da idonsa ya rufe. Shekaranjiya ya ce in zura masa zare. Na ce ya huta, ya ce wa zai yi in ba shi ba?

Yana zaune yana lalube, ya soki yatsa ya tsotse ya ci gaba. Mutumin da aka taɓa zuwa tun daga Ɗan Barto don a kalli cin wuyansa kawai, yau ɗinkinsa wani dogo wani gajere, zaren ya bar layi ya nufi kafaɗa. Akwai ɗigon jini daga ciki. Da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Ya miƙe?" Na ce, "Ya miƙe, Baba."

Illa, ina jin kunyar kaina yadda ban taɓa ji ba. Ka nemi uzurin da za ka ba Madam, ko ka ba ni shawara. Kai ka fi ni iya magana.

Almu

Yamai, farkon watan Azumi

Zuwa ga maigidana Almu, sarkin masu nawa.

Gaisuwa da barka da shan ruwa. Ina lafiya, sai dai azumi a gaban murhu ana soya wa Nasara nama, Allah ya ba mu lada. A gaishe da Kawu.

Kunama! Na yi dariya har Madam ta leƙo ta ga ko na zautu. To yaya 'yar taku? Rabi'atu ta fara goyon ta? Ka gaya mata ta riƙa tallafe kan da kyau. In kun yanka ragon suna kada a manta da ni, cinya nake so, a soya a aiko.

Yanzu ga magana. Madam ta fara ɗaure kaya, kowace 'yar tsana an naɗe ta da takarda an sa a akwati, wurin taku ne kawai ya rage. Kullum sai ta tambaye ni, ni kuma kullum in ce gobe, har na fara sunkuyar da kai in na kai mata abinci. Shekara zai taso daga Damagaram cikin makon nan. Ko an gama ko ba a gama ba, a ba shi. Kada ka sa a ce Bahaushe ya cika baki a banza.

Illa

Matameye, tsakiyar watan Azumi

Illa,

Muna lafiya.

Na karanta takardarka. Ban san wasan taubashi ya kai nan ba. Bayan duk abin da na rubuta maka, abin da ka samu ka ce ke nan, cinyar rago. Na gode. Ban karanta wa Rabi'atu ba.

Ga abarku nan da rigarta da wandonta da hularta. Da ma ita Rabi'atu ta ce ba za ta ƙara kwana da ita a ɗaki ba. Na gaya wa Baba na kai rigar wurin mabugi a buge ta ta yi sheƙi. Ka ƙara wannan a kan ƙaryar da ka sa ni.

Abu ɗaya nake roƙo. Wuyan a bar shi yadda yake. Kada allura ko aska ta taɓa shi. Ka san dalili.

Almu

Yamai, watan Ƙaramar Salla

Zuwa ga ɗan'uwana Almu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi salla lafiya. Ni jikina lafiya, amma ban san ta inda zan fara ba. Yau babu wasa a bakina.

Ban san dalili ba, Almu. Wallahi tallahi ban sani ba. Cha'ibu ya kwanta ciwo a Maraɗi, takardarka ta Sha'aban tana cikin jakarsa duk tsawon azumi. Sai jiya ya iso da ita. Lokacin da na rubuta maganar goyo da cinyar rago, ban san akwai rago a gidanku ba. Na karanta taka, na tuna tawa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma ba wannan ba ne babba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Da akwatin ya iso, Madam ta yi murna ƙwarai, ta kira mijinta, ta sa madubin ido tana bin askar da yatsa. Sai ta zo kan wuya ta tsaya. Ta ce, "Nan fa?" Na duba, na ga ɗinki ya karkace kamar na ɗan koyo. Na ji kunya domin ka. Na ce a raina azumi ne da gaggawar da na sa ka, kuma maganarka ta a bar wuyan na ɗauka zuciya ce kawai, irin taka, ba ka so a gyara maka aiki. Na ce ba zan bari sunanka ya tafi Faransa a karkace ba.

Da rana na zauna a bayan madafa da reza, na warware shi zare bayan zare. Na ga ɗigon jinin, na wanke da sabulu, har ina yi maka tsiya a raina wai maɗinki ya soki kansa. Na kai wa wani mai keken ɗinki a bakin kasuwa ya bi wuyan da layi miƙaƙƙe. Madam ta ce yanzu ya yi. Sun tafi tun makon jiya, rigar tana cikin akwatinsu.

Jiya ina gama karanta takardarka na koma bayan madafar na durƙusa ina tonon rairayi da yatsu. Allah ya sa ba a share wurin sosai ba. Abin da na samu shi ne na ƙulle a cikin ƙyallen nan. Ba duka ba ne.

Hannun da ya koya mini riƙe alƙalami, aikinsa na ƙarshe, ni na sa wa reza. Ba ni da idon da zan kalli Kawu, ba ni da na kallon Rabi'atu. In ka ga ya dace ka gaya masa, ka ce ni ne na kawo abar, ni ne na warware. Ka ɗora mini duka, zan ɗauka.

Illa

Matameye, watan Bawan Salloli

Zuwa ga Illa ɗan Gwaggo.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An yi ruwa, an yi shuka, gero ya fito. Baba yana gaishe ka, kuma shi ya ce in rubuta haka da sunansa.

Ƙullinka ya iso. Na yi fushi da kai na yini guda, daga nan na rasa inda zan ajiye fushin, don kai ba ka sani ba, ni kuwa na sani tun ranar Talatar nan.

Baba ya yi ta tambaya ko mabugin nan bai gama ba, har ya ce zai aiki Ɗan'azumi ya karɓo. Da hantsi na zauna a gabansa, na kama hannunsa na zuba masa zaren a tafi. Na gaya masa komai, tun daga kunama. Ban ɗora maka ba. Na ce babu ciki, ba a taɓa samu ba, rigar ta 'yar tsanar Nasara ce, kuma ta haye ruwa.

Yana ta murza zaren a tsakanin yatsu har ya kai kan wani ƙulli, irin nasa mai ninki biyu da ba wanda ke yi sai shi. Ina jiran ya zage ni a kan mutum-mutumi. Abin da ya ce game da wannan kawai, "Tsakaninka da Allah ne." Sai ya ce, "Warwarewa aka yi?"

Na ce i.

Ya ce, "Bai miƙe ba ke nan."

Na ce, "Bai miƙe ba, Baba."

Ya ce, "Ka ce mini ya miƙe."

Da mari ya yi mini, Illa, da ya fi mini sauƙi.

Sai ya ce a kira masa Rabi'atu. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa yi mata maganar da ta wuce amsa gaisuwa ba. Ya juya fuskarsa wajen da ya ji motsinta ya ce, "'Yar nan, ni na jawo miki idon gari da ragona. Ki yafe mini." Tsoho mai furfura yana roƙon surukarsa gafara a kan laifin da ni na yi, ni kuma ina zaune kamar dutse. Ta fashe da kuka ta ce ba komai, Baba, ba komai. Ya ce ragon nata ne, ta yi yadda ta so da shi. Washegari ta ɗauki tulu ta tafi rijiya da kanta, ta bar matan unguwa suka kalle ta har suka gaji. Ta fi ni zuciya, na yarda.

Kai kuma ya ce in gaya maka, wanda ya ga ɗinki ya karkace ya warware bai yi laifi ba, haka shi ma ya koya mana. Ya ce ka zo babbar salla.

Na zaci maganar ta ƙare a nan. Amma bayan kwana kaɗan sai ya ce in samo masa tsohon ƙyalle in yanke masa wuya irin na waccan rigar, daidai girmanta. Na ce na mene ne, Baba? Ya ce in Allah ya kawo mai rigar wata rana, ba ya so a sake warware masa aiki.

Yanzu kullum da hantsi ni ke zura masa zare. Ya sa mini sharaɗi ɗaya, in ya tambaya in faɗa masa gaskiya. Ina zaune gefensa da nawa ɗinkin, ina jin numfashinsa, ba na iya ɗaga kai in dube shi.

Yau ma ya gama ya miƙo mini ya ce, "Ya miƙe?" Na ce, "Bai miƙe ba, Baba." Ya warware da farcensa, ya miƙo mini allurar in zura masa.

Ɗan'uwanka,
Almu